Gwiwar Hagu

Ƙarfe biyu da kwata, Auta tana jera kwalaben maganin tari a kantin da take aiki, wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ba ƙarar kira ba ce. Bugun ganga ne sau biyu, irin wanda wasan faɗan nan yake yi idan an ƙalubalance ka. Ta duba, saura kaɗan kwalba ta suɓuce mata. Sunan Yayanta ne a kan allon, Yaya kuwa wata huɗu ke nan da rasuwa.

Wasan ba na masu gaggawa ba ne. Mutum-mutumi biyu ne a tsaye, kowane ɗan wasa ya zaɓi gaɓar da zai ƙulle da wadda zai saki, kafaɗa ko ƙugu ko gwiwa, ya danna, nauyin jiki ya ƙarasa sauran. Wanda kansa ya fara taɓa ƙasa ya sha kaye. Shekara ukun da ta yi tana aiki a wani gari, da shi suke gaisawa da Yaya kullum da rana.

Yaya bai taɓa fara kai hari ba. Sai ya saki gwiwar hagu kamar zai kife, kai kuma ka ga banza ta faɗi ka afka, ya zame gefe, ya saƙalo maka diddige, nauyinka ya kai ka ƙasa. Auta ta san tarkon sarai, sai dai ranar da aka raba haƙuri ba ta nan. A shekararsa ta ƙarshe ya ƙara jinkiri, ya kuma daina turo saƙon tsokana bayan ya kayar da ita. Ta ɗauka gajiyar jinya ce.

Da ya rasu ta dawo gida wurin Mama, kanta kuma ya so ya juye. Ta riƙa jin tarinsa, tana ganin wucewarsa a bakin ƙofa. Sati uku ta yi a asibiti, a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa. Da za a sallame ta, likita ya ce ko alama ta sake gani ta dawo. Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta koma ɗakin nan ba.

Yanzu a kantin, ta ce a ranta ɓarawo ne ya sace wayarsa, ta amsa ƙalubalen. Ta matsa taku ɗaya. Can aka daɗe, sannan gwiwar hagu ta saki. Kafin ta ankara ta afka, kan mutum-mutuminta ya daki ƙasa. Ɓarawo bai san wannan ba.

Mai kantin yana zaune taku uku daga inda take, amma ta kasa nuna masa. Tsoronta kada ya leƙa ya ce ba komai a allon.

Kwana uku a jere ganga tana bugawa ƙarfe biyu da kwata. Abinci ya daina wuce mata. A gida sukan ci shiru ita da Mama, don tun dawowarta daga asibiti gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Mama ta gyara sabon tabaraunta, ta tambaye ta ko ta ga caja, Auta ta girgiza kai. Ɗakin Yaya yana nan a kulle, makullin yana wurin Mama. Ta so ta faɗa mata, amma ta san likita za a kira.

A rana ta huɗu ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ƙi afkawa. Ta ƙulle duk gaɓoɓin mutum-mutuminta, ta ce wa mai kantin kanta yana ciwo, ta kama hanyar gida da wayar a hannu. Duk sa'ad da ta danna ba tare da ta motsa ba, ganga kan buga, wancan ma ba ya motsawa. Gwiwa a sake, yana jiranta.

Ta shiga gida a hankali, ta danna. Ganga ta buga a hannunta, ta kuma buga a bayan ƙofar Yaya. Ta matsa kusa. Kwaɗon yana lilo a buɗe. Ta rufe ido ta tura ƙofar, tana addu'ar da ba ta ma san farkonta ba.

Mama ce zaune a bakin gadon, tabarau a kan hanci, wayar Yaya a jone da caja, yatsa ɗaya a sama tana jira.

Auta ta jingina da bango. Ta ce, "Mama, wa ya koya miki gwiwar nan?"

Mama ta cire tabarau ta goge da gefen zanenta. Ta ce ba ta yi don ta tsorata ta ba, ta ga a nan kaɗai Auta take amsa mutum.

"Shekara guda kafin ya tafi hannuwansa suka daina aiki, ya ce kada a gaya miki," in ji ta. "Da farko shi ke faɗa ina dannawa. Wata shidan ƙarshe kuwa, Auta, ko magana ba ya iyawa."