Ruwan Rabilu Ya Ƙi Washewa

Rabilu ya ɗiga maganin awo a ƙaramar kwalba, ya girgiza. Ruwan ya koma ja. Datti ya ƙaru ke nan.

Malamin dabbobi ne a Mayahi. Tun da ya je kwas Kwatano ya ga kifayen teku a gidan gilashi, bai sake samun sukuni ba sai da ya girka nasa a falo: ruwan gishiri, farin yashi, da tulin duwatsun teku masu ramuka. Matsalarsa ɗaya, ruwan kullum kore.

Garba, dillalin da ya sayar masa da kayan, ya ce a waya: "Matatar ruwa za ka zaɓa. Ko injin kumfa, ko akwatin ciyawar ruwa mai shanye datti."

Ya zaɓi injin kumfa. Injin ya yi ta tara baƙin ruwa mai wari, kwalba kuma ta ci gaba da ja. Ya koma akwatin ciyawa. Ciyawa ta yi ƙiba, ya yi ta yanka yana ba akuya. Ya haɗa su biyun, ya ƙara gawayi, ya ƙaro fanon sola don kada wutar kuran ta ɗauke.

"A hamada kake, ko a kwata?" in ji Garba. "Wannan datti daga wani wuri yake shiga."

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta yi masa dariya ba, mahaifiyarsa Habsatu, wadda ta taho daga garin Sarkin Hausa jinyar ido. Ranar da ta iso ta tambaye shi ina kifayen, ya ce suna bayan duwatsu, kunya gare su. Tun daga nan ta mayar da tabarmarta gaban gilashin.

Wata safiya ya manta makullin babur, ya dawo. Ya tarar da ita tsaye kan kujera, tana tuttula ludayin hura a ruwan.

"Inna, mi kike yi?"

"Abin da ka kasa. Ban taɓa ganin ka ba su ko ƙwayar hatsi ba. Da ba don ni ba, da bayin Allahn nan sun mutu."

Rabilu ya riƙe mata kujera ta sauko. Ya rasa ta inda zai fara gaya mata cewa kifayen suna can Kwatano, Garba ya ƙi turo ko ɗaya sai ruwa ya washe.