Rigar Sanyin Yaya Habiba

Abin da na fara gani a Jos shi ne duwatsu, wani bisa wani kamar an jera tuluna. Farkon kaka ne, amma iskar garin har cikin ƙashi take shiga.

Tafiyar ta Yaya Habiba ce. Ita Baba ya yi wa alkawari da ta zo ta ɗaya a aji, sai likita ya ce mai sikila ba za ta iya da sanyin Jos ba. Aka bar ta a Unguwar Shanu, aka ɗauke ni. Da kanta ta sa mini rigar sanyinta, ta naɗe mini hannuwan.

Da la'asar Baba ya saya mini gasasshiyar masara, muka hau wani dutse, garin duka yana ƙasanmu. Ina cikin dariya na shaƙi warin man zafin da Umma ke shafa mata, a wuyan rigar. Na daina cin masarar. Har yau warin nan yana kashe mini jiki.

Na ja hannun Baba.

"Baba, in mun koma, don Allah ka ce mata babu wani abin kallo."