Rijiyoyin Dala a Gaban Na'ura

Tun da aka ɗora Dakta Ilu a kujerar editan wata mujallar kimiyya da ke Ƙofar Na'isa, bai taɓa samun abin wasa irin sabuwar manhajar nan ba. Ka zuba mata rubutun bincike, kafin shayinka ya huce ta zazzage shi tas: ina alƙaluman asali, wane hoto aka maimaita, in wani ya sake gwajin zai samu abin da aka samu? Sunan marubuci kuwa, sakatariya Rabi'atu ce ke cire shi tun kafin takarda ta hau teburin edita.

Shi Ilu ba ya shakkar kowace na'ura. Takardun da ke ɗauke da sunansa sun yi yawan da shi kansa bai san adadinsu ba, don Allah ya ba shi ɗalibai masu ladabi, waɗanda suka san inda ake ajiye sunan babba. Dubi ɗalibinsa Mikail: kullum yana hanyar gidan Ilu a Gwammaja gaisuwa, har ruwan rijiyar gidan yake ja ya cika 'yan kwalabe. Ilu ya ce ai tabarruki yake nema.

Abu ɗaya ke hana shi sakewa. Kujerar farfesa guda ce ta rage a sashensu na jami'a, Dakta Gwadabe kuma ya zuba mata ido.

Rannan da hantsi manhajar ta yi ja wur a kan wata takarda: binciken ruwan rijiyoyin Dala. Wai an ɗebo daga unguwa-unguwa, amma sakamakon iri ɗaya sak, kamar daga guga ɗaya. Hoton ƙwayar cuta guda aka juya hagu, aka juya dama, aka kifa shi. Gwadabe kuwa, kowa ya sani, duk bincikensa a kan ruwa yake.

Ilu ya daka tsalle har hula ta faɗi. A adaidaita-sahu ya karanta wa direba rahoton. A majalisar ƙofar gida bayan La'asar ya maimaita, yana kwaikwayon tafiyar Gwadabe.

"Ashe rijiyoyin namu uwa ɗaya uba ɗaya suke, Dakta?" in ji Kawu Ado maƙwabcinsa. Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar taron editoci ya sha babbar riga sabuwa dal. Ya miƙe ya yi jawabi a kan gaskiya da amana, sannan ya kawo doka: duk wanda manhaja ta kama, a ambaci sunansa a bainar jama'a, a kuma sanar da kwamitin ƙarin girma. Gwadabe, wanda shi ma yana cikin editocin, shi ne ya fara ɗaga hannu ya amince. Borin kunya, Ilu ya ce a ransa, yana danne murmushi.

Aka haska jan rahoton a bango. Zauren ya ɗauki salati.

"Malama Rabi'atu, faɗa mana wane gwani ne wannan," in ji Ilu.

"Ranka ya daɗe, ko mu ɗan fita waje tukuna?"

"A nan, Malama! Da ƙarfi, yadda na baya zai ji."

Rabi'atu ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Su biyu ne, ranka ya daɗe: Mikail ɗalibinka a ƙasa, sunanka kuma a sama, inda ya saba ajiye maka shi."