Giginya Mai Jan Fenti

Jami'ar gandun daji tana shirin sa hannu a takardar wanke kamfanin katako sai ta hangi wani tsoho zaune kusa da kututturen giginya. Kwana uku tana bincike a dajin Kirikasamma ba ta sami laifi ba: bishiya mai jan fenti kaɗai aka sare, yadda doka ta ce.

"Baba, wannan ba ta da fenti aka sare ta?"

"Da fentinta, 'yata." Ya shafa kututturen. "Shekarar da ruwa ya cinye maƙabarta, a gindinta muka binne mai ɗakina. Da na ga ma'aikata suna shafa wa bishiyoyi ja, na zaci waɗanda za a bari ne. Da hannuna na shafa mata."