Tsatsar Ƙofar Hagu

Genésio ya lashi yatsa, ya goga a jikin bambar motar, ya mayar baki. Ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Ƙarya ce," in ji shi. "Ruwan khal da gishiri. Tsatsar shekaranjiya."

Haka yake tsinka mutane a garinmu, nan kudancin Brazil, inda maza ke haɗa motar ɓera da ƙarafan bola: inji daga nan, fitila daga can, ba fenti ba ƙyalli. Adon motar ɓera tsatsarta, amma fa wadda ruwan sama da shekaru suka yi. Masu gajen haƙuri kan kankare fenti, su fesa ruwan khal da gishiri, su shanya a rana. Genésio ya ce ba a haifi wanda zai yaudari harshensa ba.

Bambar ranar ta Aparício mai aski ce, kuma a gaban jama'a aka yi.

"To, sarkin lasa," in ji Aparício, "mu ga taka mana. Shekara nawa tana kwance a tsakar gida, kaji na ƙwai a ciki?"

Zuciya ta ɗebi Genésio. Ya rantse zai kawo motarsa bikin tsofaffin motoci cikakkiya, da ƙafarta. In ta zo da giɓi, ko aka samu tsatsar ƙarya ko ta kai girman farce, Aparício ya aske masa gashin baki a tsakiyar fili.

Wannan gashin baki kuwa ba abin wasa ba ne. Tun kafin aure yake kiwonsa. Matarsa, Dona Zuleide, sau ɗaya ta ga leɓensa na sama, a wani tsohon hoto da surukarta ta nuna mata, kuma har yau ba ta son a tayar da zancen.

Aiki ya kankama. Bodin tsohuwar a-kori-kura, injin motar ɗaukar rake, kujerar tarakta, tulun madara a matsayin tankin mai. Kan giya ma mariƙin famfo ne. Da ya tayar da ita, sai da karnukan unguwa suka yi ƙaura.

Saura abu ɗaya: ƙofar hagu.

Ya zaga 'yan gwangwan kaf, ba ita ba labarinta. Guda ɗaya aka samu daidai da motar, a rataye a wani shago, lafiyayya, shuɗin fentinta yana sheƙi. Zuleide da ta raka shi ta ce ai ga ƙofa.

"Wannan amaryar? Allah ya sawwaƙe."

Ya fita fuu, ita kuma ta tsaya gaisawa da mai shagon.

Biki na matsowa, Genésio na ramewa. Aparício ya ɗauki sabuwar al'ada: duk sanda Genésio zai gifta, sai ya fito ƙofar shago yana wasa aska a jikin fata, yana fito. Genésio ya fara shafa gashin bakinsa kamar mai sallama da ɗan uwa. Wallahi har tausayi ya ba mu.

A gida ma ba daɗi. Zuleide ta tsiri zuwa gonar wanta Tibúrcio kullum, wai barkono ya yi yawa bana, suna jiƙa shi a kwalabe. Ta kwashe ruwan khal ɗin gidan, ta ƙaro jarka daga kanti. Latas ɗin Genésio ya koma lami, wake ma gishirinsa sai an yi bincike. Haka ya ci abinsa, don wanda gashin bakinsa ke hannun wani ba ya faɗan miya.

Ana gobe biki Tibúrcio ya leƙo.

"Suruki, akwai wani ƙarfe da kajina ke kwana a kai bayan akurki. Zo ka ɗauke mini shi, ko na ba 'yan gwangwan."

Genésio ya je ba don ya sa rai ba. Ya ture kashin kaji da ƙafa, sai ya durƙusa yana dubawa. Ƙofar hagu ce, ja wur da tsatsa tun daga sama har ƙasa, in ban da ɗan ɗigon shuɗi a lungun maƙalarta. Ya goge gefe ɗaya da riga, ya lasa, ya lumshe ido.

"Shekara hamsin," in ji shi. "Ko kwana ɗaya ba ta rage ba."

Ranar biki motar ta shigo fili tana tari tana aman hayaƙi, Zuleide a gefe ta sha jar riga. Aparício ya zo da askarsa a aljihu. Ya bi motar taku-taku, ya kankara nan, ya shinshina can. Da ya kai hanci ƙofar hagu sai ya yi baya da sauri yana toshe shi.

"Kai! Wannan a kabari ka tono ta?"

"Lasa mana, gwani," in ji Genésio.

Aparício bai lasa ba. Fili ya ɗauki ihu, aska ta koma gida da yunwarta.

Da rana aka zauna cin abinci a gida: shinkafa da wake, garin rogo soyayye, naman gashi. Genésio ya baje, yana ba da labarin ƙofar karo na ba adadi, har ya ce harshe irin nasa gado ne. Can ya dubi teburin.

"Wai ni Zuleide, ina barkonon nan da ya shanye mana ruwan khal da gishiri? Ko kwalba ɗaya ban gani ba."

Ta miƙa hannu ta cire masa ƙwayar shinkafa daga gashin baki, ta gyara masa gefen da ya karkace.

"Ai ka riga ka lasa, tsohona. Kai da bakinka ka ce ya shekara hamsin."