Hula ta Huɗu

Ina cikin fere tuffar da za mu dafa da sukari, sai surukata Glenys ta shigo kicin da kwandon saƙarta. Saura kaɗan wuƙar ta yanke ni.

Kowace shekara da kaka, da ganye ya fara zuba a nan tsibirin Tasmaniya, Glenys takan saƙa wa kowa a gidan hular ulu. Bara ne kawai ta tsallake mijinta. Sanyi bai kai tsakiya ba muka binne shi.

Mijina Lachlan ya dubi fuskata ya yi dariya. "Ke da camfinki! Mu huɗu ne, ga huluna huɗu. Hankali ya kwanta?"

Na yi ajiyar zuciya. Ya ɗauki tasa, 'yarmu Tamsin ta fizge tata, Glenys ma ta saka tata. Na zaro ta ƙarshen. 'Yar mitsitsiya ce, tuffa ɗaya za ta cika ta.

Ban gaya wa kowa ina da ciki ba.

Na dubi Glenys. "Mama, ina tawa?"

Ta ƙura wa tukunya ido.

"Ulu bai ƙare ba, 'yar nan," ta ce. "Hannuna ne ya ƙi."