Ranar da Corinne Ba Ta Gasa Kek Ba

Al'adar Corinne ce, duk ranar da wani kamfanin buga littattafai ya ƙi labarinta, sai ta gasa kek ɗin tuffa, ta kira maƙwabcinta Wendell su cinye, sannan ta koma kan rubutunta. Yau ma da ta kira shi, ya hawo benen da cokalinsa a aljihu.

Amma babu ƙamshin komai a kicin. Tana tsaye tana jiransa.

"Ke, ina rabona?" ya tambaya.

"Babu kek, acici! Sun karɓa! Wani kamfanin Toronto zai buga labarina!"

Ya ƙwala ihu, ya ɗaga ta cak ya juya da ita har suka ture kujera. Da ya sauke ta, sai dariyarsa ta ɗauke. Ya zaro cokalin ya zuba masa ido.

"To yanzu da wane dalili zan riƙa zuwa?"

"Au, dama kek ke kawo ka?"

Ya ɗago ya dube ta. "Corinne, ni fa tun ina yaro na tsani tuffa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta karɓe cokalin, ta jefa shi cikin nata cokulan.